Muryar Yaya a Folda

Ranar Laraba da hantsi wasu mutane suka shiga garejin kamfanin motoci suka sauke bas a kan Yaya.

Akawu, ƙaninsa, ba ya wurin. Yana ofishin Lauya a cikin gari, yana fama da injin da ke haɗiye takarda bibbiyu. Mai shayin bakin gareji ne ya ba shi labari daga baya, kuma ya bayar da shi filla-filla, irin na mutumin da ya tsaya ya kalla bai ɗaga ko cokali ba. Ya ce Yaya yana kwance a ƙarƙashin motar, an ɗaga ta da jak an cire tayar gaba, ƙafafunsa ne kawai a waje. Sauran kanikawa Manaja ya kira su taro a sama, taron da ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka kafa garejin. Mutanen suka shigo a ƙafa, ba sauri, ba rufe fuska. Ɗaya ya taka wa Yaya idon sawu ya ce, "Bakanike, ashe bakinka ya fi hannunka aiki." Yaya ya yunƙura zai jawo jikinsa waje, na biyun ya ɗauki sufanar taya ya sauke masa a gwiwa. Ya sake saukewa, ya sake, har ƙafar ta daina shure-shure. Sai na farkon ya tsuguna ya murɗa hannun jak ɗin a hankali, kamar mai buɗe famfo. Mai shayi ya ce ba a ji ihu mai yawa ba, don ƙirjin da zai yi ihun shi motar ta danne.

Asalin maganar wata bas ce ta kamfanin da ta gangaro daga tudu birki ya ƙi, ta faɗa cikin masu sayar da kaya a bakin titi. Kamfani ya ce direba ne ya yi barci, direban kuwa ba ya duniya balle ya musa. Iyalan waɗanda suka mutu suka ɗauki Lauya, wata ƙanƙanuwar mace mai taurin kai, wadda Akawu ke yi wa aiki. Yaya shi ne ya ɗaura wa motar tiyon birki kafin haɗarin. Tsohon tiyo ne, Manaja ya sa aka kwanto shi daga wata matacciyar mota a bayan gareji, ya ce a goge shi da fetur ya yi kamar sabo. Yaya ya goge, ya ɗaura, ya ja bakinsa. Bayan haɗarin ya rame, wandonsa na aiki sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huji.

Akawu ne ya matsa masa ya yi magana. Shi Akawu ya yi karatu, ya cika kansa da littattafai, ya yarda cewa gaskiya tana da wani ƙarfi nata na daban, irin yardar da mutum ke yi kafin ya ga yadda ake yi da ita. Wata ranar hutu ya kawo Yaya ofis ta ƙofar baya. Yaya ya ƙi zama a kujerar baƙi don kada ya shafa mata baƙin mai, ya jawo bokitin shara ya kife ya zauna. Ya dubi 'yar na'urar naɗar muryar da ke kan tebur kamar yana duban kunama.

"Auta, wa zai ji wannan abin?"

"Ni da Lauya, Yaya. Sai mai buga mana a kwamfuta, ita kuma a gidanta take aiki, ba ta san ka ba. Kuma ba muryarka za ta ji ba. Akwai abin da nake yi, murya ta koma kamar ta kwaɗo a cikin tulu."

"To ai da ma tawa ba ta wuce hakan ba." Ya yi tarin nan nasa na mai shaƙar hayaƙin inji. "Ka tabbata dai, ɗan boko?"

"Na tabbata."

Haka ofishin ke aiki, kuma tsari ne mai kyau a takarda. Ba a faɗin sunan shaida a cikin naɗi. Akawu yana yanke hirar farko da ta ƙarshe, ya jirkita muryar, sannan ya saka a wata folda da ke intanet, inda mai bugawa za ta ɗauka daga gida. Ainihin muryar tana zama a kwamfutar ofis, ba ta fita.

Mai bugawar ana kiranta Uwar Biyu, don tun da ta haifi tagwaye ba ta sake taka ofis ba. Hannunta da sauri, bakinta ya fi. Ranar da ta buɗe fayil ɗin Yaya sai ga wayarta, jarirai na tsala kuka a bayanta.

"Akawu, wannan aljanin da ka turo min, da wane yare yake magana?"

"Shaida ne, Hajiya. Ki saurara da kyau."

"Na saurara har kunnena ya yi zafi. Sunayen ƙarafan mota yake jerowa, kai kuma ka mayar da shi kamar yana magana daga cikin rijiya. Tiyo ya ce ko taya? In na buga taya, gobe uwar ɗakinka ta tsaya gaban alƙali ta ce taya, wa za a zaga? Ni dai ka turo min mutum in buga, ko ka zo ka riƙe min yara in yi ta cankar magana."

Lauya tana son takardar da safe. Akawu ya dubi agogo, ya dubi fayil ɗin asali, wanda ba a yanke ba, ba a jirkita ba, wanda ya fara da tarin Yaya da "Auta, wa zai ji wannan abin?" Ya ja shi ya jefa a folda. Ya ce mata ta buga ta gaya masa, zai cire. Ta buga, ta gaya masa, washegari yana shigowa ofis kafin ya ajiye jaka ya cire. Har ya ɗan yaba wa kansa. Ba sakarai ba ne, mutum ne mai kula, kuma a ganinsa ya toshe ƙofar da ya buɗe.

Ranar Larabar nan, a asibiti Akawu ya tarar da matar Yaya tsaye a bakin gado, mayafinta duk jini. Ita da Akawu sun saba tsokanar juna, tana ce masa mijin rana, yana ce mata a ƙara masa nama ko ya kai ƙara. Yau ko gaisawa ba su yi ba. An naɗe ƙirjin Yaya, an saka masa roba a hanci, ƙafar dama an rufe ta da zane amma siffarta ba ta ƙafa ba ce. Likita ya ce haƙarƙari sun huda huhu, za a gani. Idan likita ya ce za a gani, shi ya riga ya gani.

Can Yaya ya buɗe ido. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi matarsa. Hannun hagu ne kaɗai ke motsi, da shi ya laluba kan akwatin gefen gado, ya kama kofin ƙarfe, ya wurga mata. Ba ƙarfi a jifan, amma bakin kofin ya same ta a gira ya fasa.

"Fita," ya ce. Muryar kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Baban yara, ni ce fa."

"Na san ke ce. Fita."

Ta fita riƙe da gira, ba ta yi kuka ba sai da ta kai baranda. Akawu ya sunkuya kusa da bakin yayansa, don maganar a gutsure take fitowa, kowace kalma da kumfar jini a gefen leɓe.

"Ita na gaya wa. Shekaranjiya. Na kasa riƙewa. Mijin ƙanwarta shi ke yankar tikiti a kamfani. Ka gane ko?"

"Yaya, kada ka yi magana yanzu."

"Ku ba ku da laifi. Kai ka ce ka mayar da ni kwaɗo." Ya yi wani abu da ke son zama dariya, ya koma tari, nas ta taso da gudu. Da ta gyara masa robar ya ƙara cewa, "Shekara da shekaru ina kwana da ita. Kada ta sake shigo min."

A nan ne Akawu ya kamata ya buɗe baki. Fayil ɗin ya faɗo masa a rai tun yana kan hanya. Amma ya ce wa kansa ai ya cire, ai Uwar Biyu ba ta san kowa a gareji ba, ai ba a tayar wa mara lafiya hankali da zato. Mutumin da ya yi karatu ba ya rasa dalili. Ya ce bari ya fara dubawa tukuna. Ya wuce matar Yaya a baranda, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ya ce mata zafin ciwo ne, zai huce. Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

Da gari ya waye ya buɗe ofis kafin kowa. Folda tana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa abin da ke cikinta, shafin da bai taɓa buɗewa ba tun da aka yi ta. Ya buɗe. Ga sunansa, ya saka fayil. Ga Uwar Biyu, ta buɗe. A ƙarƙashinta ga wani suna, ya buɗe, ya sauke a kwamfutarsa, tun kafin Akawu ya zo ya cire.

Tabarau ne. Shi ne mai buga musu kafin Uwar Biyu, shi ma daga gida yake yi, sai ya bar aikin ya buɗe shagon kwafin takardu da hoton fasfo a bakin tasha. Sun rabu lafiya. Lauya ta ce a cire shi daga folda, Akawu ya ce to, bai cire ba, don duk lokacin da jadawali ya wargaje a takarda Tabarau yake kira, ya shiga daga shagonsa ya daidaita masa kyauta. Cire shi danna maɓalli ɗaya ne. Sai dai wa zai gyara masa jadawali? Don haka duk fayil ɗin da ya shiga foldar nan, wayar Tabarau tana yin ƙara a aljihunsa. Kuma shagonsa ne ke buga wa kamfanin motoci tikiti. Akawu ya san wannan ma, ya taɓa taya shi murna.

Ya daɗe yana kallon sunan. Daga ofis zuwa asibiti tafiyar mota ɗaya ce, tasha kuma tana wancan ɓangaren gari. Ya kulle ofis, ya tsaya a bakin titi, motar haya mai zuwa asibiti ta tsaya a gabansa, kwandasta yana buga ƙofa. Ya bar ta ta wuce, ya tsallaka titi.

Shagon ɗan ƙarami ne, injin kwafi ya cinye rabinsa, farin ƙyalle na hoton fasfo a rataye a bango. Tabarau yana jera takardu. Da ya ga wanda ya shigo, murmushi ya fara zuwa kafin tsoro ya cim masa.

"A'a, manyan akawuna. Jadawalin ne kuma?"

Akawu ya mayar da ƙofa ya saka sakata.

"Wa ka ba?"

"Me fa?"

"Muryar yayana. Wa ka ba?"

Tabarau ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya mayar. "Ka ga, mutumina, zauna mu yi magana. Ni ban je nema ba, abin ne ya shigo min waya da kansa. Na kunna don in ji ko aiki ne, sai na ji tarin nan, duk tasha wa bai san shi ba? Manaja kuma ya daɗe yana tambaya wa ke kai maganar gareji waje. Ni da aikin tikitin nan nake ciyar da gida. Wallahi na ɗauka korarsa kawai za su yi."

"Korarsa."

"To ni na ce ka bar ni a ciki? Ni na ce ka saka? Ka tambayi kanka mana."

Da ƙarya ya yi, da wataƙila Akawu ya tsaya gardama. Akawu bai taɓa dukan kowa ba tun yana makaranta, Yaya ne ke yi masa faɗa. Hannunsa ya sauka kan babban abin maƙale takarda na ƙarfe da ke kan kanta, ya ɗaga ya kwaɗa masa a baki. Haƙori ya faɗo kan takardun mutane. Tabarau ya ja baya ya ci karo da injin kwafi, Akawu ya cafke shi ta ƙeya, ya ɗaga murfin, ya kifa fuskarsa a kan gilashin, ya buga murfin a kansa. Ya ɗaga ya sake bugawa. Gilashin idon ya karye, na injin ya tsage, gwiwar hannun ɗayansu ta danna maɓalli, hasken ya bi ta ƙarƙashin fuskar a nitse, injin ya tofo takarda baƙa da kumatu a murƙushe da rabin ido. Ya tofo wata. Tabarau yana kiran uwarsa, yana laluben gefen injin da yatsu, Akawu ya kama yatsun nan masu saurin bugu ya shimfiɗa su a bakin kanta, ya sauke musu ƙarfen, ya ji sun yi ƙara kamar ana karya busasshen kara. Bai ji daɗi ba, bai ji tausayi ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda aikin ba shi da wuya.

'Yan tasha ne suka ɓalle ƙofar. Ba wanda ya tambayi dalili. Sun ga mai shago cikin jini da baƙo tsaye a kansa, wani ya ce ɓarawo, shi ke nan. Suka jawo shi waje ta kwalar riga, suka yi ta tattaka shi a bakin kwata, wani da katako, wani da bel, wata mai sayar da lemo ma sai da ta saka nata takalmin. Yana rufe kai da hannuwa yana cewa a bar shi ya je asibiti, suna cewa ai yanzu za a kai shi. 'Yan sanda suka ƙwace shi da kyar, suka jefa shi bayan mota, suka karɓe wayarsa da bel da igiyar takalmi.

A bayan kanta ya wuni. Ya roƙi mai tsaro ya ba shi wayarsa ko na ɗan lokaci ne, ya ce yayansa na kwance rai a hannun Allah, akwai maganar da zai gaya masa. Mai tsaron yana cin burodi, ya ce, "Kowa da ya shigo nan yayansa na kwance. Da ka tuna da shi kafin ka fasa wa mutum baki." Wayar tana cikin aljihun tebur, Akawu yana jin ta tana kaɗawa, ta tsaya, ta sake. Tun yana ƙirgawa har ya daina. Bayan la'asar ta yi shiru.

Rana ta kusa faɗuwa Lauya ta zo ta yi belinsa. A mota ya gaya mata komai, fayil ɗin da Tabarau da maɓallin da bai danna ba. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Shaidata ka kashe, ka kuma ba su mai shagon da za su nuna wa alƙali." Ta ajiye shi a ƙofar asibiti ta ja motarta.

Matar Yaya tana nan inda ya bar ta jiya, a ƙasan baranda, da filasta a gira. Ta dubi kumburarriyar fuskarsa da yagaggiyar rigarsa.

"Na yi ta kiranka," ta ce. "Ya yi ta cewa ina Auta, ina Auta. Nas ta ce in shiga, na tsaya a bakin ƙofa. Ya gan ni sarai. Ya juya fuskarsa bango, a haka ya cika." Ta gyara mayafinta. "Ni dai ban san me na yi masa ba. Kai ya gaya maka?"

Akawu ya buɗe baki, leɓen da ya fashe ya sake tsagewa. Ya ce yana zuwa. Ita za ta ji, yau ko gobe, tana da sauran kwana da kunnen ji, kuma abin da za ta yi masa bayan ta ji haƙƙinta ne.

Ya tura ƙofar ɗakin. An cire robar, an kashe na'ura, an ja farin zane har kan fuska. Hannun hagu ya zamo ta gefen gado, baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce, ba sabulun asibitin da zai fitar da shi. Akawu ya mayar da hannun ƙarƙashin zane, ya ji ya fara sanyi. A gadon kusa wani tsoho yana shan shayi da ƙara, yana kallonsa. Ya tsaya a kan yayansa da maganar da ya samu tun da safe, wadda ya ɗauka ya tsallaka titi da ita ya kai ta shagon wani. Gajera ce, ko mai huhu ɗaya zai iya tsayawa ya ji ta har ƙarshe.

Yaya, ba ita ba ce.